Wai holsta da Hausa mene ne, jaka ko kube?

1/ Jama'a masu Hausa dan Allah ku matso. Tun jiya nake fassara wani bayani kan dokar riƙe bindiga a jihar Texas ta Amurka, komai ya tafi daidai sai kalma ɗaya ta tokare min wuya, wai holsta, abin nan da ake zura ƙaramar bindiga a ciki a maƙala a ƙugu. Kuma ba yadda zan tsallake ta, don a cikin dokar kanta take: tun 1 ga Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21 a can zai iya yawo da fistol ba lasisi, amma in dai za a gan ta a jikinsa to dole tana cikin wannan abin. Da na fara rubuta jakar bindiga sai na ji raina bai kwanta ba.

2/ Dalili kuwa jaka ai abu ne da kake jefa kaya a ciki su yi ta yawo, makulli da goro da caja duk su cakuɗe. Shi ko wannan abin gaba ɗaya amfaninsa shi ne kar bindigar ta motsa. Kowace irin bindiga da nata, an ƙera shi daidai jikinta, na fistol ƙirar Glock 19 ba zai yi wa libarba ba. Masu yin na roba, wadda ake kira Kydex, gasa falankin robar suke har ya yi laushi sannan su danna shi a jikin samfurin bindigar, in ya huce ya ɗau siffarta, kana zura ta sai ka ji ƙas, ta zauna kenan, ko ka kifa shi ba ta faɗuwa. Wace jaka ce ke yin haka?

3/ Babban sharaɗin ma da masu harkar ke fara dubawa kafin su saya shi ne ya rufe kunamar bindigar ruf da abu mai tauri. Irin su Glock, waɗanda aka fara yi a Ostiriya farkon shekarun 1980, ba su da makullin gefe da za ka murɗa, kariyar a jikin kunamar take, duk abin da ya ja ta, yatsa ne ko bakin riga ko igiyar jaket, to ta tashi. Shi ya sa suke tsoron tsohuwar fata da ta yi laushi ta lanƙwashe, sai ta naɗe ta shiga wajen kunama lokacin da mutum ke mayar da bindigar, ya harbe cinyarsa da kansa.

4/ Toh amsoshi sun fara shigowa. Wani ya ce gidan bindiga. Ɗan uwa na ji ka, muna cewa gidan wuƙa, gidan waya ma muna cewa, amma in na rubuta ɗan sanda ya ciro ta daga gidan bindiga rabin masu karatu ma'ajiyar makamai ta bariki za su hango. Wata ƙanwata ta ce kwari, haba ƙanwata kwari ai na kibau ne, guda nawa ake zubawa a ciki. Zabira da gafaka kuwa ku bar su inda suke, ta wanzami da ta malam, kar mu haɗa Alƙur'ani da harsashi.

5/ Wani dattijo ya shigo ya ce mu yaran yanzu wahalar da kanmu muke, kube sunansa. Baba Allah ya ƙara girma, na yi shiru na ɗan lokaci ina juya ta kuma wlh na kasa samun inda ta gaza. Ina yaro akwai wani baduku a bayan layinmu, in aka kawo masa wuƙa ba ya ɗauko kube a rataye ya miƙa maka, sai ya kwantar da wuƙar kan fata ya zaga ta da tsinke, ya jiƙa fatar ya ɗinke ta a jikinta ya ajiye a inuwa ta bushe, in ka zo karɓa ya kifa kuben ya girgiza a gabanka don ka ga ba ta zamewa. Wannan fa shi ne dai aikin da mai Kydex ke yi da injin gashi. Kube yana rufe kaifi, wannan yana rufe kunama, duka biyun ana ɗaurawa a jiki a zaro da hannu ɗaya a mayar. Har fi'ilin ma ya zo mana a shirye, zare da mayarwa, ba kullum 'yan jarida ke cewa a mayar da wuƙa kube ba.

6/ Mai cewa kube na abu mai kaifi ne kawai, yallaɓai ai kunama ma ta harbi ce kafin ta zama ta bindiga, kuma jirgi na ruwa ne kafin ya tashi sama. Ba yau muka fara ba.

7/ In an yarda da kuben bindiga to rassan sun zo da sauƙi. Wanda ake maƙalawa a wajen wando irin na 'yan sanda, kuben waje. Wanda ke shiga tsakanin wando da jiki, shi masu ɓoyewa suka fi amfani da shi, kuben ciki (na so in ce kuben cikin wando, na karanta da ƙarfi na fashe da dariya na goge). Su can Amurka da agogo suke kwatanta wurin da ake maƙala shi a jiki, cibiya ƙarfe 12, ƙugun dama ƙarfe 3, mu ba ma buƙatar agogo, na gefe kuben ƙugu, na gaba wanda suka laƙaba wa sunan 'yar hanjin nan da ake yi wa tiyata mu ce kuben mara, kowa ya san mara. Akwai na aljihu, akwai na ƙwauri. Na kafaɗa wanda bindigar ke kwanciya ƙarƙashin hammata kuwa muna da hamila, igiyar rataya takobi da kake gani a kafaɗar mahaya ranar hawan sallah, sai dai hamila igiyar ce kawai, don haka kuben hamila.

8/ Inda aka fi ja shi ne maganar bel ɗin da ake maƙala kuben a jikinsa. Mutum uku sun ce ɗamara, ni kam ban yarda ba. Ɗamara a kunnen Bahaushe ta soja ce da ɗan sanda, shi ya sa ake cewa aikin ɗamara, abu ne da ake ɗaurawa don a gani. Shi ko wannan so ake ya yi kama da bel ɗin zuwa ofis, faɗinsa yawanci inci ɗaya da rabi don ya shiga kunnuwan wandon jins, bambancin kawai tauri, fata ninki biyu ko nailan da aka sa wa roba a tsakiya, saboda Glock 19 cike da harsashi ta haura gram 800, bel ɗin gwanjo sai ya lotsa, bindigar ta karkato waje, ka zo zarewa kuben ya biyo hannunka. Ni dai bel ɗin kube zan rubuta, ɗamara in bar wa masu kaki.

9/ Wani ya yi raha wai da babbar riga ai har AK za ka ɓoye. Gaskiya ne, amma wandon zariya fa? Ina za ka maƙala kuben, mazagi ba zai ɗau wannan nauyin ba. Rahar tasa dai ta tuna min da wata kalmar, abin da masu ɓoye bindiga suke gudu na siffar bindiga ta fito a jikin riga in mutum ya sunkuya, wannan shati ne kawai, shatin bindiga ya fito, ba sai mun ƙirƙiri komai ba.

10/ Masu tambaya ta inbos a ina ake sayarwa, don Allah ku rufa min asiri, kalma nake nema. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Labarin Amurka ne ke kawo mana kalmar, musamman tun da kotun ƙolinsu ta soke sharaɗin jihar New York a Yunin 2022, wanda ya ce sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin yawo da bindiga a ɓoye.

11/ Na miƙa fassarar da kuben bindiga. Abin da ya rage min jam'i ne, na ji mai cewa kubbai na ji mai cewa kubaye, a rubutun sai na zille na ce nau'o'in kube. Baba in kana nan har yanzu, ku ya kuke cewa a wajenku?