Rangwamen haraji kan gyaran tsofaffin gidaje: taimako ne ko ƙofar zamba?

Malam Sani: Ni dai a ganina, duk gwamnatin da ta ce za ta rage maka haraji idan ka gyara tsohon gida a cikin birni, 'yan damfara ta yi wa shimfiɗa. Ku dubi Italiya. A 2020 gwamnatin Giuseppe Conte ta fito da wani shirin gyaran gidaje mai suna Superbonus, mai mayar wa mai gida kashi 110 cikin ɗari na abin da ya kashe. To wa zai tsaya ciniki da ɗan kwangila, alhali ko nawa aka rubuta baitulmali ce za ta biya har da ƙari? Kuɗin aiki ya yi tashin gwauron zabo, nauyin da gwamnati ta ɗauka ya haura Yuro biliyan 100.

Hajiya Rabi: Malam, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Tsada daban, sata daban. Kaso mafi tsoka na zambar da aka fara bankaɗowa a kan wani shirin ne, na gyaran fuskar gini, mai kashi 90, wanda ba a sa wa kuɗinsa iyaka ba. Kuma ainihin ɓarakar ita ce an yarda mutum ya sayar wa banki haƙƙinsa na rangwamen. Sai a kafa kamfanin bogi, a rubuta rasit na aikin da ko bulo ɗaya ba a aza ba, a sayar da takardar, a ɓace. Kafin jami'an haraji su farga takardar ta bi hannu da yawa. Shi ya sa gwamnatin Giorgia Meloni ta toshe wannan ciniki a Fabrairun 2023. Laifin tsari ne, ba na manufa ba.

Aminu: Hajiya ta yi gaskiya. A Ayalan an fara irin wannan a 2015 don gidajen da aka gina kafin 1915 a birane irin su Dublin da Cork. Da farko sai kana zaune a gidan da kanka, kuma a hankali ake ba ka rangwamen, shekara bayan shekara. Can ƙorafin da aka yi shi ne masu nema sun yi kaɗan.

Malam Sani: Yauwa Aminu, ka kawo mini hujja da bakinka. A sassauta a sace, a tsaurara kowa ya gudu. Sannan wa ke cin moriyar ragin haraji? Mai biyan haraji da yawa. Tsohuwar da rufin ɗakinta ke yoyo ba ta da harajin da za a rage mata.

Hajiya Rabi: Wannan kam na yarda, ita tallafin kuɗi kai tsaye ya kamace ta. Amma barin gidajen su ruguje shi ma ba kyauta ba ne.

Injiniya Bashir: Akwai zambar da ba ku taɓo ba, kuma ta fi wuyar kamawa domin takardunta tsaf suke. Mai gida ya yi fenti da sabon tayil ya kira shi gyaran gini, ya sallami 'yan haya, ya ninka kuɗin haya. A Amurka idan ka sayar da ginin tarihi kafin shekara biyar, sai ka mayar da wani ɓangare na rangwamen. Ni zan ƙara da cewa a je a duba gida kafin aiki da bayansa.

Malam Sani: Injiniya, shi mai dubawar wa zai biya shi? In mai gidan ne, mun dawo gidan jiya.