Bangon da ke kai raɗa: shiri ne ko dace?

Habu: Assalamu alaikum mutanen gida. Yau na ga abin da ya ɗaure min kai. Shekara shida ina bi ta tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a nan New York, ban taɓa kula ba sai yau da Maman Ummi ta ja ni. A hawan ƙasa, daidai ƙofar wani gidan abinci mai suna Oyster Bar, akwai wani fili mai kusurwa huɗu, rufinsa kamar an kifa ƙwarya. Ta ce in shiga lungu ɗaya in kafa hanci a bango kamar yaron da aka ba horo. Ita kuma ta tafi lungun da ke can a karkace da ni, tazarar ta kai mita tara. Ga jama'a na kai da kawowa a tsakaninmu, ga ƙarar takalma da akwatunan matafiya. Sai kawai na ji muryarta a saitin kunnena, ƙasa-ƙasa: "Ka manta albasa." Wallahi sai da na waiwaya.

Goggo Laraba: To ka sayo albasar?

Kawu Tanko: Habu, har yanzu da sauranka. Bature ba ya aza bulo ɗaya a banza. Wannan wurin leƙen asiri ne. Tasha ce, kowane irin mutum na bi. A tsayar da ɗan sanda a lungu guda, duk abin da ake ƙullawa a ɗaya lungun yana kunnensa. Duk inda kuka ji gini na ɗaukar magana, da gangan aka yi shi don satar ji. Ni a nan na tsaya.

Zainabu: Kawu, a gafarce ni, ina da ja. Bari in tambayi Yaya Habu abu ɗaya. Yaya, da Anti ta yi maganar, ina ta sa bakinta?

Habu: Dab da bango. Kamar za ta sumbace shi.

Zainabu: To Kawu, wane maƙarƙashi ne zai je ya manna baki a bango sannan ya faɗi sirrinsa? Kuma hanyar kai da komo ce. Yadda ɗan sandan zai ji su, haka za su ji shi ko tari ya yi. Tashar nan a 1913 aka buɗe ta, rufin kuma aikin kamfanin Guastavino ne, uba da ɗa 'yan asalin Sifaniya. Sana'arsu rufi na tayil mai lanƙwasa, mara nauyi, wanda wuta ba ta ci, sun yi irinsa a ɗaruruwan gine-gine a Amurka. Tayil yana da tauri da santsi, ba ya shan sauti. Muryar ta hau lanƙwasar rufin ne ta gangaro ta ɗaya gefen, shi ya sa hayaniyar mutanen tsakiya ba ta tare ta ba. Ta samansu ta bi. Dace ne kawai, ba shiri ba.

Kawu Tanko: 'Yar boko ta iso. To na Landan fa? Shi ma dace ne?

Zainabu: Shi ne ma ya fi sauƙin bayani, Kawu. Cocin St Paul ke nan, wanda Christopher Wren ya zana bayan gobarar Landan ta 1666, aka fara gininsa a 1675. Barandar raɗar, inda in ka yi raɗa a jikin bango na can ƙetare zai ji, tana zagaye da cikin ƙubbar, wajen mita 30 daga ƙasa, sai mutum ya taka matakala sama da 250 kafin ya kai. Wa zai yi wannan hawan, yana haki, don ya je ya yi gulma?

Wanda ya warware lissafin abin shi ne Lord Rayleigh, masanin kimiyya ɗan Ingila, a 1878, shekara fiye da 160 bayan an gama ginin. Kafin shi ana zaton muryar tana tsallakawa ne ta bugi ƙubba ta faɗo a ɗaya gefen. Shi ya nuna rarrafe take yi a jikin bango. Ku ɗauki ƙwallon goruba ku wulwula shi a cikin daro, za ku ga ya bi gefe yana zagayawa, ba ya ratsa tsakiya. Haka sautin yake, yana ɗan taɓa bango yana gaba, yana ɗan taɓawa yana gaba. A fili murya bazuwa take ta ko'ina, in ka ninka nisa biyu ƙarfinta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A jikin bangon kuwa ta rasa wurin bazuwa sai sama da ƙasa, shi ya sa take yin nisa. Ya gwada da ɗan usur mai siririn sauti da harshen wuta mai rawa in sauti ya taɓa shi. Da ya sa ɗan siririn shamaki dab da bango, sai wutar ta daina motsi. Ya datse hanyar ke nan.

Auta: Yaya Zainabu wannan ai jarrabawa kike ba mu 😂

Baffa Isa: Auta yi shiru manya na magana. Tanko, ban bi ka a zancen leƙen asiri ba. Amma ke ma Zainabu, kalmar nan ta "dace" ta tsaya min a wuya. Shekara arba'in da ɗoriya ina gini. Magini ba ya jiran mai lissafi ya zo bayan shekara ɗari ya gaya masa abin da kunnensa ya riga ya ji. Ni in na shiga ɗakin da aka gama yaɓe, gyaran murya ɗaya zan yi in gaya miki ko zai yi daɗin zama. Yaɓen ƙasa yana haɗiye murya. Siminti da tayil suna tofo ta. Ki shiga tsohon soro mai bakan gizo, irin aikin da Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, ki yi magana, za ki ji ta zauna a inda kika ajiye ta. Ki zo wani sabon masallaci da ke bayan layinmu, an zuba tayil tun daga ƙasa har rabin bango, ga ƙubbar kankare, ga lasifika shida. Da asuba, sahu biyu kacal, liman na karatu kamar mutum uku ne ke rige-rige. Ranar Juma'a da ya cika maƙil sai karatun ya fito tas, don riguna da jikin mutane sun shanye amsa-kuwwar. Na gaya wa kwamiti tun ana gini, suka ce tayil ya fi kyau a ido.

Zainabu: Baffa, ban musa ko ɗaya ba. Hasali ma zan ƙara maka hujja. Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, da ya gina masallacin Sulaimaniyya a Istanbul tsakanin 1550 da 1557, ya binne tuluna a jikin ƙubbar, bakinsu na kallon ciki, don gyara sauti. Wannan shiri ne, babu tantama. Mihirabi ma yana taimakawa wajen maido muryar liman ga mamu tun kafin a san lasifika. Amma ka lura, su suna neman mutum ɗaya ya yi magana dubu su ji ne. Barandar raɗa akasin haka ce, mutum ɗaya ya yi, mutum ɗaya ya ji, na tsakiya ko oho. Babu limami ko mai wa'azin da ke son wannan.

Nura: Bari in sa baki, tunda ni na taka ɗaya da ƙafata lokacin ina karatu a Indiya. Gol Gumbaz, a garin Bijapur da yanzu ake kira Vijayapura, jihar Karnataka. Hubbaren Sarki Muhammad Adil Shah ne, wanda ya rasu a 1656, faɗin ƙubbarsa wajen mita 44. Ranar farko da rana muka je, mun iske 'yan makaranta cike da barandar, kowa na ihu yana jiran ihunsa ya dawo. Kai kamar zai tsage, ba mu ji raɗar kowa ba. Washegari muka yi sammako. Abokina ya zauna can ƙetare, ina hango shi ɗan mitsitsi, ya yaga takardar tikiti. Na ji "kyat" kamar a aljihuna aka yaga. Na tafa hannu sau ɗaya, na ƙirga dawowarsa har bakwai kafin ya dushe. Kawu, kabari ne fa. Sirrin wa ake sata a kabari?

Kawu Tanko: Kai ma da ka zauna Indiya, gaya musu na Golconda mana, ko ka manta? Ganuwar da ke Hyderabad. A tafa hannu a ƙofar shiga, a ji a can ƙololuwar dutse inda fada take, kusan kilomita guda. Shi ma tsautsayi ne?

Nura: Wannan kam na ba ka, Kawu. Na je, masu zagayawa da baƙi suna tafawa a ƙarƙashin ƙubbar ƙofar, kuma bayanin da ake bayarwa shi ne ƙararrawar gargaɗi ce in abokan gaba sun taso. Ya shiga hankali. Sai dai tafi ne, ba raɗa ba. Sanarwa ce ga mutanen gida.

Kawu Tanko: Madalla, an fara dawowa hanya. Ga wata. Wani malamin coci Bajamushe, Athanasius Kircher, ya fitar da littafi a 1673 da zanen fada mai bututu kamar katantanwa a cikin bango, yana kwaso hirar mutanen tsakar gida yana kai wa mai gida a ɗakinsa. 1673, Zainabu. Ke da bakinki kika ce an fara cocin Landan a 1675. Shekara biyu tsakani. Har yanzu ba su san komai ba?

Zainabu: Kawu ashe da shirinka ka zo. Gaskiya ne, ya zana. Amma dubi abin da ya zana: bututu, a ɓoye, baki ɗaya a wurin talakawa, ɗaya a ɗakin mai gida. In satar ji kake so haka za ka yi, ka ɓoye. Ba za ka gina baranda a bainar jama'a wadda kowane yaro zai gano da wasa ba.

Kuma ga wanda ya fi ƙarfi a wurina. Majalisar Wakilan Amurka ta zauna a wani zaure mai siffar rabin da'ira a ginin Capitol daga 1819 zuwa 1857. Rufinsa na tattara murya ya jefa ta wani wuri daban, kamar yadda farantin satalayit ke tattara sigina a kan ɗan ƙarfen nan na gabansa. Ɗan majalisa na jawabi, na kusa da shi bai ji ba, wani can nesa yana jin hirar da ba da shi ake ba. Suka rataya labule, suka juya tsarin kujeru, duk bai yi ba. Da wannan da ƙaruwar yawansu suka sa aka gina musu sabon zaure suka tashi. Abin da yau ake kai baƙi su gani suna mamaki, a wurin masu shi aibi ne da suka yi shekara kusan 40 suna fama da shi.

Habu: Ai an kai mu nan. Mai zagayawa da mu ya ce John Quincy Adams, tsohon shugaban ƙasa da ya dawo ɗan majalisa, yakan kifa kai a tebur kamar mai barci yana sauraron 'yan adawa.

Kawu Tanko: Kun ji ko!

Zainabu: Labarin masu zagayawa da baƙi ne, Kawu. An sake daɓen zauren, rufin katakon ma an canza shi a farkon ƙarni na 20, don haka inda murya ke faɗawa yau ba nan take faɗawa a zamaninsa ba. Ko da ma ya yi, ya tsinci dami a kala ne, ba don shi aka gina ba. Irin wannan labarin duk inda bango ke magana sai an laƙa masa. A tsibirin Sisili na Italiya akwai kogon da ake kira Kunnen Dionysius, wai azzalumin sarkin nan a nan yake tsare fursunoni yana sauraronsu. Wurin fasa dutse ne, sunan kuma mai zane Caravaggio ne ya raɗa masa a 1608, kusan shekara dubu biyu bayan mutuwar sarkin.

Nura: Akwai ma rumbu. Golghar a garin Patna na Indiya, Turawan Ingila suka gina shi a 1786 don ajiyar hatsi saboda yunwa. C. V. Raman, masanin kimiyya ɗan Indiya wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, ya yi nazarinsa tare da Gol Gumbaz, shi ma yana kai raɗa. Sai dai in shinkafa ake zargi da juyin mulki.

Baffa Isa: To a nan zan raba muku. Na yarda wanda ya fara bai nufa ba. Amma ranar da aka sauke katakon gini, lebura na wannan gefe ya yi wa na wancan gefe magana ya ji shi, daga ranar magini ya sani. Kada a ce min sai da Rayleigh ya zo.

Zainabu: Wannan na sa hannu, Baffa.

Kawu Tanko: Ni ban sa ba. Habu, ka koma. Wannan karon kada Maman Ummi ta kalli bango. Ta juya masa baya, ta tsaya taku biyu daga lungun, ta yi magana yadda mutane ke hira. Kai ka tsaya a naka lungun. In ba ka ji komai ba, na janye na tashar. Na tashar kawai.

Habu: Sai Asabar in Allah ya kai mu, Kawu. Zan ɗauko muku a waya.

Auta: Ni ma na gwada a tankin ruwan gidanmu tunda babu ruwa. Na zura kai na yi sallama, kunnena har yanzu ƙara yake.

Goggo Laraba: Wa ya ba ka izinin hawa tankin? Sauko ka zo ina nemanka. Habu, har yanzu ba ka ba ni amsar albasa ba.