Neman kalma: me za mu kira lambar da murhun ɗumama gida ke ƙiftawa?

'Yan uwa mazauna Amurka da Kanada, sanyi ya shigo, tambayar ta sake tasowa. Wannan injin gas da ke ƙasan gida yana hura iska mai ɗumi, idan ya ƙi tashi sai wata 'yar fitila a jikin allon lantarkin da ke sarrafa shi ta riƙa ƙiftawa. Turawa na ce wa saƙon "error code". Mu fa?

Shi kansa injin ba mu sha wahala ba. Tanderu na masu burodi ne, hita kuma kowa ruwan wanka zai tuna. "Murhun ɗumama gida" ya zauna.

Wani ya kawo "lambar kuskure", don ita ake gani a wayoyi da kwamfuta. Ban yarda ba. Kuskure sai mai hankali, mutum ne ke yin sa. Injin bai yi kuskure ba, daidai ma ya yi da ya ƙi kunna gas, sannan ya nuna inda abin ya lalace. Ni "lambar matsala" na zaɓa, don haka bakinmu ya saba: mota ta samu matsala, janareta ya ba da matsala.

Wani malam ya ce ai ba lamba ba ce, ƙiftawa ce. Lamba ce, ƙirga ta ake yi. A yawancin murhun kamfanin Trane, ƙiftawa 6 na nufin wayoyin wuta sun juye ko wayar ƙasa, wadda ke zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ba ta kama da kyau ba. A na Carrier kuwa, gajerun ƙiftawa su ne adadin farko, dogaye na biyu, gajeru biyu da dogaye huɗu sai ka karanta 24, wato fiyus ɗin allo ya ƙone. Kowane kamfani da tsarinsa, fassarar tana manne a bayan ƙofar injin. A ƙirga kafin a buɗe ƙofar, domin buɗe ta na yanke wutar allon.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce "reversed polarity", wato juyewar wayoyin wuta ɗin nan. A nan wutar gida bolt 120 ce: baƙar waya ita ce layif mai kawo wuta, fara nutural mai mayar da ita, koriya ta ƙasa. A gida Najeriya kuwa, inda muka taso da tsohon tsarin Ingila, ja ce layif, baƙa nutural. Duk wanda ya koyi waya a Kano ko Kaduna ya zo nan ya ga baƙa, hannunsa zai kai ta wurin nutural. Kwan fitila ba ruwansa, zai kama. Murhu ba zai yarda ba, saboda yadda yake tabbatar da harshen wuta: akwai ɗan sandan ƙarfe a cikin harshen, wata 'yar mitsitsiyar lantarki ta bi ta cikin wutar zuwa jikin ƙarfen injin, allo ya gan ta ya bar gas a buɗe. Waya ta juye ko ta ƙasa ta saki, allo ba ya gani, sai ya rufe gas. Wani injin ya kama na 'yan daƙiƙu ya mutu, wani ya ƙi tashi sam.

An kawo "juyin waya", an kawo "musayar waya". Na biyun kamar an canja sabuwa ne. Ni ina ganin "haɗin baibai". Yaron da ya sa riga a baibai, rigar ce dai, fuskar ce ba daidai ba, kuma babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani.

Lamba 24 ta ƙonewar fiyus wata magana ce daban. Siraran wayoyin da ke zuwa makunnin bango mai daidaita ɗumi bolt 24 suke ɗauka, masu harufa R, W, Y, G da C. In R ta taɓa C, ko fatar waya ta goge a jikin ƙarfe, fiyus mai amfiya 3 ya tafi. Masu gyara a Najeriya cewa suke "ta yi shot", na bar musu abinsu, ta riga ta shiga baki. Sai dai sa sabon fiyus ba tare da gano inda wayar ta goge ba asarar kuɗi ce, zai sake ƙonewa.

Wata Hajiya ta tambaya ko za ta iya gyarawa da kanta. Ƙirga lambar da duba fiyus bayan kashe bireka, wannan kowa zai iya. Warware haɗin baibai kuwa a kira mai lasisi da mitarsa.

Saura wayar ƙasa. Wasu na cewa "at", wasu "atin". Masu sana'ar waya, wanne kuke faɗa a wurin aiki?