Musayar Waƙa: Mashayar Bakin Kogi a Landan

Ɗan Tasha:
Salamu alaikum 'yan zaure. Abokan aiki ne suka ja ni Mayflower, tsohuwar mashayar nan ta unguwar Rotherhithe da ke gaɓar kogin Thames. Wurin ya shiga raina, ga abin da na gani:

Da yammaci na isa bakin gaɓa,
Gida ya cika maƙil har ƙofa,
Kowa da tambulan, kowa da raha,
Hayaniya ta hana jin kowa.

A baya ga dandamalin katako,
Igiyar ruwa tana ta bubbugo,
Ta tsakanin alluna take feso,
Takalmana har sun fara jiƙewa.

Ba mai zuwa tebur ya tambaye ka,
Kanta za ka je ka faɗi buƙatarka,
Lemo na ce, ga kuɗi na miƙa,
Na koma kallon jirage na wucewa.

Gimbiyar Alƙalami:
Yaya, ba wanda ya ce me ka sha,
Kai ne ka fara da kare mashaya.
Kogi a Landan tsawonsa da yawa,
Sai gun kwalabe ka je ka tsaya?
Mai kaza a aljihu, in ji manya,
Ba ya jimirin "as" ko sau ɗaya.

Autan Mata:
Kai! Gimbiya ikon Allah. Wallahi a zauren nan ba ki da na biyu, wanda ya ja ya zo mu gani.

Ɗan Tasha:
Ƙanwata, ke da ba ki taka ba,
Ba ki ga teku na tura kogi ba,
Sau biyu kullum, bai taɓa fashi ba,
Kusan mita 7 yake hauhawa.

Daga unguwar nan jirgi ya tashi,
1620 shekarar tashinshi,
Amurka ya nufa da mutanenshi,
Sunansa ne gidan ke amsawa.

Sarkin Yaƙi:
Wannan shi ne baiti! Ga ilimi ga daɗi. Autan Mata, gwanarka zargi kawai ta iya, me muka ƙaru da shi?

Autan Mata:
Gwaninka tarihi ya jawo don a manta da batun kwalba. Ba mu manta ba.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Malam Ɗan Tasha, baitinka na uku ya karye: ɗangon farko gaɓa 11, na biyu 12, na uku 10. Ka kuma haɗa "ka" da "ƙa" a amsa-amo, alhali ba harafi ɗaya ba ne. Ita kuwa shekarar nan, furta ta da baki ka ji: dubu ɗaya da ɗari shida da ashirin. Gaɓa 13 ita kaɗai, tun ba a kai ga "shekarar" ba. A wane kari za a rera wannan?

Sarkin Yaƙi:
Allah gafarta Malam, kunne ake yi wa waƙa. Makaɗan baka ba su taɓa zama lissafin gaɓa ba, kuma an yi rawa. Aruli, wato ilimin awon karin waƙa, ai Halilu bin Ahmad ya tsara wa Larabawa.

Malam Mai Aruli:
Nan rubutacciyar waƙa muke yi, ita kuwa a kan waɗannan karuruwan malamanmu suka ɗora ta. Makaɗi yana da ganga mai riƙe masa kari. Kai me ke riƙe maka?

Sarkin Yaƙi:
Malam na ƙirga gaɓoɓin mutane,
Nasa baitin har yau shiru ne.

Malam Mai Aruli:
Wannan ma ɗango na biyu ya gaza.

Tsohon Matuƙi:
Sai yau na leƙo, na tarar ana ta gardama an bar kogin.

Ɗana, kogin da kake wa kirari,
A 1858 shi ya yi wari,
Majalisa ta kasa zama da haƙuri,
Sai Bazalgette ya zo da gyarawa.

Injiniya ne, shi ya gina wa birnin manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, aka rage zuba ta a tsakiyar gari.

Ɗan Tasha:
Baba, gaskiyarka, amma an gyara,
Kifi ya koma, tsuntsu na ƙara,
Fitilu a kan ruwa sun jera,
Ban tashi ba sai da na ji ƙararrawa.

Ita ake bugawa a sanar da sayen ƙarshe kafin a rufe kanta.

Gimbiyar Alƙalami:
Jama'a ku shaida, bakinsa ya faɗa,
Har ƙararrawa yana mashaya.
Lemo guda nawa ke kai mutum dare?
Ku riƙe hannunsa ku nuna mai hanya.

Malam Mai Aruli:
Gimbiya, ke ma ɗangonki na uku yana ɗingishi. Baba Matuƙi, kai ma ka cusa shekara a baiti, kuma sunan injiniyan nan ba ya zama a kari. A gyara kafin a ci gaba.