Mulki ne ya canza Paul, ko tun farko haka yake?

Baffa Damagaram:
Assalamu alaikum. Na sake ɗauko littattafan Dune na Frank Herbert tun daga na farko, wanda ya fito a 1965, yanzu ina cikin Children of Dune. Wannan karon Stilgar ne ya tsaya min a rai fiye da Paul Atreides, jarumin labarin. Da farko shugaban Fremen (mutanen hamada) ne mai ra'ayin kansa, shi ya karɓi Paul da mahaifiyarsa Jessica a cikin hamada lokacin da ba su da kowa. Kafin littafin ya ƙare ya koma mai jiran umarni, har Paul ɗin kansa ya lura cewa abokinsa ya zama mabiyi mai kallonsa da tsoro da girmamawa. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Tambayata: mulki ne ya canza Paul a littafi na biyu, Dune Messiah, ko alamun suna nan tun yana ɗan shekara 15?

Hauwa'u:
Wa alaikumus salam, Baffa. Suna nan. Tun a littafin farko yake hango yaƙin da za a yi da sunansa, yana ta neman hanyar kauce masa, amma bai taɓa sauka daga kan turbar ba. Shekara 12 bayan nan, da bakinsa yake lissafa mutum biliyan 61 da suka halaka. Ni dai Alia, ƙanwar Paul, ta fi ba ni tausayi. Tun tana ciki aka buɗe mata tunanin kakanninta, ba ta san yarinta ba. Daga baya Baron Harkonnen, kakan da ta kashe da hannunta tana 'yar ƙarama, shi ya mamaye mata hankali.

Malam Idi:
Ku yi wa Paul adalci mana. Da ya makance, al'adar Fremen ya bi, ya bar gadon sarauta ya shige hamada shi kaɗai. Nauyin da ya ƙi ɗauka, ɗansa Leto ne ya ɗauka, ya yi mulki na shekara 3,500.

Baffa Damagaram:
Gaskiya ne, Malam, amma ya tafi ya bar wa su Stilgar jarirai biyu da addinin da aka gina a kansa. Ka sake duba farkon Children of Dune: dattijon nan Stilgar yana tsaye cikin dare kan tagwayen suna barci, yana tunanin ko ya kashe su. Mutumin da ya ba ubansu mafaka ke nan fa.