Neman kalmar Hausa: me za mu kira shokozoban da ke kwance a jikin sitiyari?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta bayani da Hausa a kan yadda ake ƙarfafa kayan sitiyarin motocin shiga daji, irin waɗanda ƙafafunsu na gaba ke kan aksul, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun biyu, guda ɗaya ɗungurungum, kamar Toyota Land Cruiser 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da Jeep Wrangler da Suzuki Jimny, sai na cije a kan sunan wani ƙarfe. Siffarsa ta shokozoba ce, amma a kwance yake a gicciye, kansa ɗaya a ɗaure da jikin mota ko aksul, ɗayan kuma a jikin sandar sitiyari. Turawa suna da suna biyu gare shi, sitabilaiza da damfa, kuma na farkon ne ya fi yawo a bakin masu sayar da kaya. Idan na bi wannan sunan sai in ce "madaidaicin sitiyari", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, domin a iya sanina ƙarfen nan ba ya daidaita komai. Mai ne a cikinsa wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, saboda haka yana turje wa motsi mai sauri, ya bar motsi na sannu ya wuce.

Akwai kuma sanduna biyu da nake jin ana haɗa su a suna ɗaya, tayarod, alhali aikinsu ya bambanta. Ina roƙon a taimaka mini da su ma.

Wani tsohon makaniki:

Wa alaikumus salam, malam. Ka yi daidai da ka ƙi "madaidaici", kuma zan gaya maka ɓarnar da irin wannan suna ke yi. Mutum zai ɗaga motarsa da inci 2 ko 3, ya cire tayoyin kamfani ya sa masu inci 33 ko 35, ya hau titi. Yana cikin gudu sai ƙafa ɗaya ta faɗa rami, nan take gaban motar ya ɗauki karkarwa, tayoyin suna kaɗawa hagu da dama, sitiyari yana neman ƙwacewa, kuma ba za ta lafa ba sai ya rage gudu ƙwarai ko ya tsaya cak. Da ya ji cewa akwai wani ƙarfe mai suna madaidaici, sai ya saya, wani ma ya sa guda biyu. Karkarwar takan ɓuya na ɗan lokaci, amma ciwon yana nan yana ci.

Inda ciwon yake, sai an kwanta a ƙarƙashin mota ake ganinsa. Ka bar ta a ƙasa da nauyinta, ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama, kai kuma ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya kana ɗora tafin hannu a kansu. Gaɓar da ta ci za ka ji tana ƙwas-ƙwas a hannunka kafin idonka ya ga motsin, kuma sau da yawa za ka tarar robar da ke rufe ta ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga ya cinye ƙwallon ƙarfen da ke ciki. Wani lokaci boljoyin ne, wato gaɓa mai ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kanta, wani lokaci bushin, wato robar da ke kewaye da kusa a bakin sanda, wani lokaci kuwa noti ne kawai ya saki har ramin kusar ya zama kamar ƙwai. Mu dai a bakin aiki "shokozoban sitiyari" muke cewa, kowa kuma yana ganewa.

Batun sanduna kuwa, wadda ta tashi daga ƙafar hagu zuwa ta dama ita ce tayarod ta gaskiya, da ita ake saita bakin tayoyi, ko su ɗan dubi juna ko su miƙe. Ɗayar daga hannun akwatin sitiyari take saukowa zuwa ƙafa, da ita ake miƙar da sitiyari idan ya karkace alhali mota tana tafiya sak. Wanda ya rikita su zai kwance wadda ba ita ba, ya ɓata alaimen, wato saitin bakin tayoyin, tayoyi su cinye gefe ɗaya.

Wani malamin Hausa:

Allah ya saka da alheri, Baba, bayaninka ya sauƙaƙa mana aiki. Ra'ayina shi ne kada a taɓa kalmar tayarod. Ta zauna a bakin masu sana'a, kuma ko da yake a Turanci tushenta daga ɗauri ne ba daga taya ba, kunnen Bahaushe yana jin "taya" a cikinta, ita kuwa sandar tayoyi biyu take gamawa, don haka kuskuren ji ya faɗa daidai kan ma'ana. Inda ake buƙatar fassara sai a ce sandar gama ƙafafu.

Sanda ta biyu ita ce ba ta da suna. Na so in ce "majayi" domin sunanta na Turanci daga ja yake, amma ya yi kusa da majanyi na goyo, ga shi kuma sandar ba ja kaɗai take yi ba, tana ja idan an karya kwana ta wannan gefe, ta tura idan an karya ta wancan. "Sandar juyi" ta fi, tunda ita ce ke kai juyin sitiyari ga ƙafa.

Shi kuwa ƙarfen da aka buɗe zance a kansa, "shokozoban sitiyari" ba laifi ba ne a magana, sai dai yana faɗin kamanninsa ne, bai faɗi aikinsa ba. Hausa tana da hanyar gina suna daga aikatau da abin da aka aikata, kamar ɓata-gari da fasa-ƙwauri. Me direba ke ji idan taya ta daki dutse? Sitiyari ne ke fizgar hannunsa, har yakan bugi babban yatsan wanda ya zura shi ta ciki. To, a ce "hana-fizga".

Tsohon makanikin:

Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. "Hana" ta yi yawa, za ta komar da mu inda muka baro. Ƙarfen ba ya hana fizga, rage ta yake yi. Mota mai lafiyayyun gaɓoɓi tana iya tafiya a titi ba tare da shi ba, ba kuma za ta yi karkarwa ba. Amfaninsa a kan duwatsu da kwazazzabai yake, inda yake sassauta dukan kafin ya iso hannu da akwatin sitiyari.

Tunda ana rubutu ne don masu ƙarfafa mota, akwai sanda ta uku da bai kamata a manta ba. A motocin da ke da sifirin mai naɗi, ita ce ke riƙe aksul kada ya gusa gefe, sunanta na asali sandar Panhard, daga wani kamfanin motoci na Faransa. Dole ta kwanta a layi ɗaya da sandar juyin nan taku, tsawonsu kuma ya yi kusa. Idan an ɗaga mota aka gyara kusurwar ɗaya aka bar ɗaya, duk lokacin da gaban motar ya nutsa ko ya tashi sai ta karkata da kanta ba tare da direba ya juya komai ba. Haka nan wanda ya sa tayarod mai kauri domin kada dutse ya lanƙwasa ta, ya sani cewa dukan bai ɓace ba, ya wuce ne zuwa abin da ya fi rauni a bayanta, sau da yawa gajeriyar sandar da ke fitowa daga cikin akwatin sitiyari tana riƙe da hannunsa, wadda ta fi wuyar gyara a daji.

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode malam. Na karɓi gyaran, domin bambancin "hana" da "rage" shi ne ainihin abin da ya hana ni sakewa tun farko, ban dai iya kama shi da kalma ba. A rubutuna zan sa "rage-fizga", in ambaci "shokozoban sitiyari" sau ɗaya a farko domin wanda zai je saye ya san abin da zai tambaya. Tayarod tana nan yadda take, ta biyu ta zama sandar juyi. Ta ukun ina ganin "matokarin aksul" zai dace da ita, tunda tokare shi take yi ta gefe, kuma na gwada jimlar a bakina: idan mota ta fara karkarwa, a duba bushin ɗin matokari da gaɓoɓin sandar juyi kafin a sayi sabon rage-fizga. Ta fita ba tare da tuntuɓe ba. Idan Baba yana ganin "matokari" zai rikice da wani ƙarfen da kuke kira haka a bakin aiki, a sanar da ni kafin in kai ga wannan babin.