Injin Ski Nautique na 1986: a sake ɗaure shi ko a sauya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Jirgin ruwa ne na jan masu wasan zamiya, Ski Nautique ƙirar 1986, injinsa PCM Ford 351 mai silinda 8, kafireta Holley, giyarsa Velvet Drive 1:1. A tafki yake aiki a arewacin Amurka, inda ruwa ke daskarewa da hunturu. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga, filogin silinda ta 7 da ta 8 sun yi tsatsa. Awon matsi ya nuna silinda shida tsakanin psi 135 da 145, ta 7 tana 90, ta 8 tana 105. A sake ɗaure wannan ɗin, ko a nemo 351 na mota a ɗora?

Bakaniken jirgi:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka cire injin tukuna. Ta 7 da ta 8 su ne na baya a layinsu, kuma injin irin wannan jirgi a karkace yake zaune, bayansa ƙasa. Duk ruwan da ya zubo daga salansa can yake gangarawa. Saboda haka fara kwance gwiwar salansar da ke kan manifol ɗin wannan ɓangare (bututun da ke tara hayaƙin silinda), ka haska hanyar hayaƙi da tocila. Baƙin toka busasshe lafiya ne. Idan ka ga jan layin tsatsa ya gangara zuwa bawul, to gaskit ya ci ko ƙarfen ya tsage. Ka ɗora sabon inji da wannan manifol, shi ma ruwa zai sha.

Sai ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai a silinda ta 7 ka sake awo. In matsi ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin tof, wato murfin saman silinda.

Abin da ke yanke hukunci shi ne bulok, wato gangar jikin injin. Ruwan da aka manta a ciki da hunturu yakan tsaga shi a gefe, ko a kwarin da ke ƙarƙashin manifol ɗin shan mai, kuma tsagar kwari kai tsaye take zuba ruwa cikin mai. A kai bulok da tof biyu a yi musu gwajin maganaɗisu mai gano tsaga. Bulok mai lafiya a faɗaɗa silindarsa da inci 0.030, a sa sabbin fistin da ringi da metal. Tsagagge kuwa kada a ɓata kuɗin walda.

Mai ɗaure inji:

Maganar injin mota nake so in tsaya a kai, don nan ake yin asara. Ski Nautique na waɗannan shekaru injinsa juyin baya yake yi, kishiyar na mota, farfelarsa kuma ta dama ce, wato dama take juyawa. Jerin wuta, wato yadda silinda ke kama wuta bi da bi, a 351 na mota 1-3-7-2-6-5-4-8 ne, na jirginka 1-8-4-5-6-2-7-3. Bi wayoyin filogi daga kan distiributa ka tabbatar kafin ka sayi komai.

Bulok ɗin mota zai yi, amma sai an canza kamshaf, da giyar distiributa, da sitata, da robar bayan kiranshaf. Robar nan tana da 'yan tsagogi masu mayar da mai ciki. In aka sa ta mota, waje za ta riƙa turo shi, kuma ba ta canzuwa sai an sake raba inji da giya. Fulogan gefen bulok su zama na tagulla, gaskit ɗin tof na jirgin ruwa. Kada a sa kamshaf ɗin tsere, yana zuƙo ruwa daga salansa lokacin da inji ke silo.

Sitata, altaneta, famfon fetur da kafireta dole su zama na jirgin ruwa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a cikin jirgi yake kwanciya ba ya da mafita, tartsatsi ɗaya ya isa.

Mai tambaya:

Na gode. To in aka bar injin a juyin mota fa, aka canza farfela kawai?

Mai ɗaure inji:

Yana yiwuwa, sai dai ba farfela kaɗai ba. A juya zaman famfon mai na Velvet Drive da famfon ruwan sanyaya, in ba haka ba giya ba za ta kama ba. Kuma tuƙin zai canza, don an ƙera jirgin ne nauyin direba ya daidaita murɗawar farfelar dama. Ni dai a bar shi yadda aka ƙera shi.

Mai gyaran jikin jirgi:

Ranka ya daɗe, in inji zai fita, duba katakon da yake zaune a kai. Na wannan shekarar itace ne aka lulluɓe da faiba. Ɗaura sifana a kan kusoshin mazaunin inji. Wanda ya yi ta juyawa bai kama ba, itacen wurin ya ruɓe. Huda ƙaramin rami kusa da shi: gari fari busasshe alheri ne, baƙi mai danshi kuwa sai an sake katako, aikin da ya fi na injin cin lokaci.

A canza farantin sifirin da ke tsakanin inji da giya yanzu da hanya ke buɗe, da robar famfon ruwa. Bayan an zaunar da inji, a haɗa fuskar giya da ta sandar farfela ba tare da noti ba, a zura ma'aunin tazara ta gefe huɗu. Kada bambancin ya wuce inci 0.003. In ya wuce, sanda za ta ci bushi, jirgi ya riƙa rawa.

Tashin farko, a sa mai mai sinadarin zinc, a tabbatar ruwa na fita ta salansa, a riƙe injin tsakanin juyi 2000 da 2500 a minti ɗaya, na tsawon minti 20 zuwa 30, ba tare da an bar shi ya yi silo ba, don sabon kamshaf ya zauna. Daga nan a zubar da man a canza filta. A tafki, in an buɗe wuta gaba ɗaya, allurar juyin inji ta tsaya tsakanin 4000 da 4400. In ta kasa kaiwa, a duba farfela da saitin wuta.